Baƙon tsiro ne ya cinye dajinmu, ko mu ne muka buɗe masa ƙofa?

Malam Lawal (Daura):
Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga kuma babu inda ya fi dacewa in kawo ta sai wannan zaure, tunda a cikinmu akwai manoma da makiyaya, akwai kuma waɗanda suka yi karatun abin. A makon jiya na je gonarmu ta gado da ke kan hanyar Zango domin a fara shara, sai na tsaya a gindin tsamiyar da mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, yake ɗaure jakinsa, na shiga ƙirga itatuwan da suka rage. Lokacin da nake yaro, kafin farin 1973, gonar nan tana da gawo bakwai, da kanya biyu, da ɗorawa, da ɗinya, ga aduwa jere a kan iyaka. Yau gawo ɗaya ne ya rage, shi ma an sassare masa rassa har ya koma kamar turke. Amma bedi, wato darbejiya, wanda babu wani daga cikinmu da ya taɓa dasa shi a wurin, na ƙirga ƙanana sun haura 30, yawancinsu a ƙarƙashin tsamiyar nan da kuma bakin shinge. Burtalin da ya bi ta gefen gonar, inda a da gamba ke shanye mutum da tsayinsa, yanzu babu komai a cikinsa sai karan garmani da tumfafiya. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma abin da idona ya gani shi ne ɗan garin ne ya bushe kamar raɓa, baƙon kuma ya kafa saiwa. Tambayata ita ce: waɗannan tsirrai ne suka kori itatuwanmu, ko kuwa mu ne muka kore su da hannunmu, su kuma suka tarar da fili suka zauna?

Alhaji Mamman (Katsina):
Wa alaikumus salam. Malam Lawal, ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Na yi shekara 31 ina aikin gandun daji kafin in ajiye aiki, kuma da hannuna na raba dashen bedi da ba zan iya ƙirgawa ba, saboda haka in za a yi wa bedi shari'a, to ni ma sai a sa ni a gaba. Amma ina roƙo a tuna da halin da ake ciki a lokacin. Bayan farin 1973 da na 1984, iska na kwashe ƙasa daga gonaki a Zango da Baure da Mai'aduwa da Kaita, yashi na binne shuka tun tana kunnen ɓera, mutane na barin garuruwansu. Da aka zo yin shingen bishiyoyi domin kare iska, ba ƙin itatuwanmu muka yi ba. Mun gwada gawo, mun gwada tsamiya, mun gwada kuka. Gawo yana jinkirin tasowa a shekarunsa na farko, kuma kafin ya kai gwiwa akuya ta cinye shi, alhali bedi ɗacinsa na kare shi, cikin shekara huɗu ko biyar ya ba da inuwa. Itacen Indiya ne, an shigo da shi lardin Barno tun 1928, daga nan ya bazu zuwa sauran Arewa, shi ya sa kowane yanki da sunan da yake kiransa: mu bedi, Kanawa darbejiya, wasu dogon yaro, wasu maina. Duk wanda ya taɓa tafiya a ƙafa daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro a watan Afrilu ya san darajar inuwarsa. Ba zan yarda a kira shi annoba ba.

Dakta Hadiza (Katsina):
Baba Alhaji Mamman, Allah ya ƙara girma, ban ga wanda zai musanta alherin bedi ba. Amma kafin muhawarar ta yi nisa, zai yi kyau mu raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Akwai baƙo, akwai kuma baƙo mai mamaya. Masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka zo, mangwaro kuma daga yankin Indiya, amma babu ɗayansu da ya fita daga gona ya shiga daji yana korar wasu, domin ba sa rayuwa sai da hannun mutum. Mai mamaya shi ne wanda yake yaɗa kansa da kansa, ya kuma canza wurin da ya shiga har 'yan asali su kasa zama. A watan Satumban 2023, kwamitin masana na duniya kan halittu da muhalli ya fitar da rahoto a birnin Bon na Jamus, inda ya nuna cewa sama da nau'in halittu 37,000 ne mutane suka kai wuraren da ba nasu ba, daga ciki sama da 3,500 sun zama masu ɓarna, asarar da suke jawowa ta haura dala biliyan 423 a shekara, kuma suna da hannu a kashi 60 cikin 100 na halittun da aka san sun ƙare a duniya. Kun ga ke nan mafi yawan baƙi ba sa cutarwa, amma 'yan kaɗan ɗin da ke cutarwa ba ƙaramar ɓarna suke yi ba.

Bedi yana tsakanin biyun ne. A cikin gari alheri ne. A gona da daji kuwa ya fara nuna halin mamaya, kuma abin da Malam Lawal ya gani a gindin tsamiya yana da dalili: jemagu da tsuntsaye ke shan 'ya'yan bedi, su je kan babbar bishiya su zauna, su zubar da ƙwallon a ƙasa, sai ya tsiro a wurin. Amma a lura da abin da ke faruwa bayan ya tsiro. A gona ɗaya gawo ya tsiro, bedi ya tsiro. Fartanya ta bi ta kan wanda ke tsakiyar kunya, akuyar rani ta cinye ragowar gawon ta bar bedin. Shekara 40 ana wannan tankaɗe, me ake tsammanin zai rage a kan rariya? Tumfafiya kuwa, Malam, ba baƙuwa ba ce, 'yar ƙasa ce, sai dai ba ta yawaita sai inda ƙasa ta gaji, saboda haka ganinta da yawa shaida ce a kanmu, ba a kanta ba.

Malam Lawal (Daura):
Na gode, Dakta. Ashe tumfafiya ma na ɗora mata laifin da ba nata ba. To amma shin akwai wani tsiro namu da ya taɓa zuwa wata ƙasa ya yi musu irin wannan?

Dakta Hadiza (Katsina):
Akwai, Malam, kuma shi ne gamban da kake kewa. A shekarun 1930 aka kai gamba arewacin Ostireliya domin kiwon shanu. Da ya je can ya tarar babu masu yanka shi su yi zana, babu garke mai yawan da zai cinye shi, sai ya fita daga makiyaya ya shiga dazuzzuka, yana tsayi har mita huɗu. Idan rani ya yi ya bushe, gobarar da ke kama shi tana da zafin da ke ƙone manyan itatuwan da ƙaramar gobarar ciyawarsu ta asali ba ta iya yi wa komai. Yau hukumomin ƙasar sun sa shi cikin jerin miyagun ciyayi, suna kashe kuɗi domin su kawar da shi, har sunansa na Hausa suke kiransa da shi. Tsiro ɗaya ne, a nan muna nemansa ido rufe, a can suna yaƙi da shi. Wannan ya isa ya nuna cewa sharrin ba a jikin tsiron yake ba, yana cikin wurin da aka kai shi da kuma abin da ya tarar.

Malam Bello (Mashi):
Salamu alaikum. Ni ɗan makiyaya ne, kuma maganar garmani ita ce ta sa na ce sai na sa baki. Mahaifina yana ba mu labarin cewa a da idan damina ta faɗi, makiyayar garinmu kyasuwa ce da harkiya da burburwa da gadagi, saniya ta ci ta ƙoshi kafin rana ta take. Yanzu idan ka hango wurin daga nesa a watan Agusta za ka gan shi kore shar, ka ce arziki ne, amma idan ka matso sai ka ga garmani ne da tafasa, waɗanda dabba ba ta ci sai in yunwa ta kai ta maƙura. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Makiyayar da take ɗaukar garke goma, an yanka rabinta an yi gonaki, burtalin da shanu ke bi su wuce an matse shi har ya koma kamar hanyar ƙafa, dabbobin kuma ba raguwa suka yi ba. Saboda haka duk ciyawa mai daɗi ana cinye ta tun kafin ta yi iri, ita kuma wadda ba a ci tana zuba irinta kowace shekara. 'Yan'uwanmu da ke ƙetare a jihar Maraɗi suna fama da shi fiye da mu, har gayya suke yi su tuge shi kafin ya yi fure, su watsa irin ciyawa a gurbinsa. Dajin Rugu da a da ake kai dabbobi su yi damina, kowa ya san halin rashin tsaron da ya hana shigarsa, sai nauyin duk ya dawo kan 'yan guntayen filayen da ke kusa da gari.

Nura (Ɗanja):
Malam Bello, ka yi haƙuri, amma ba ka faɗi rabin maganar ba. Wa ya sassare gawon Malam Lawal har ya koma turke? Ba masu neman ganyen dabbobi ba ne a tsakiyar rani? Ni na sha ganin an hau gawo da dare an yi masa aski, mai gona bai sani ba sai da safe. Idan za a faɗi laifin manomi da ya ci burtali, a faɗi na wanda ya kashe itacen da ke ciyar da gonar.

Malam Bello (Mashi):
Ƙanena Nura, ban musa ba, ana yi, kuma ba daidai ba ne. Kakanninmu ma suna saran gawo, amma reshe biyu ko uku suke cira su bar saura, su kuma nemi izinin mai gona, shi kuma yana murna domin dabbobin za su kwana a gonarsa su bar masa taki. Abin da ya lalace shi ne wannan amanar. Wanda yunwar dabbarsa ta kai shi ga hawa itace da dare, ka tambaye shi ina ciyawar da ya kamata ya samu a ƙasa.

Hajiya Rabi (Katsina):
Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun farko, kuma na san ba za a daɗe ba za a zo kan itacen girki da gawayi, shi ya sa na ga gara in riga. Ina sayar da abinci a bakin kasuwa shekara 18 ke nan. Na taɓa komawa girki da gas gaba ɗaya, na yi murna da rabuwa da hayaƙi, domin ya riga ya taɓa mini ido. Amma tun daga 2023 da aka cire tallafin mai, komai ya tashi, kuɗin cika tukunyar gas ya fi ƙarfin ribar da nake samu, sai na koma gawayi ina ji ina gani. Na san gawayin kirya shi ne mai ƙarko, na san marke shi ne itacen da ya fi riƙe wuta, na kuma san cewa duk buhun da na saya wata bishiya ce ta faɗi a wani wuri. Abin da nake so masu ilimi su gane shi ne, mace ba ta sare itace don ƙiyayya da daji. Kuma ba mu kaɗai ba ne: a je a ƙirga motocin itacen da gidajen burodi ke ƙonawa a mako guda, a ƙirga tirelolin gawayi da ke fita daga Arewa. Idan ana so mu daina, a kawo abin da za mu dafa da shi wanda aljihunmu zai ɗauka. Murhun nan na zamani mai rage cin gawayi na saya, ya taimaka, amma mata nawa ne ke da kuɗin sayensa a lokaci ɗaya?

Alhaji Mamman (Katsina):
Hajiya, maganarki gaskiya ce, kuma a nan ne nake ganin bedi zai biya bashinsa. Idan aka sare shi yana tohowa, saboda haka shi ya kamata a riƙa ƙonawa a bar kirya da marke da maɗobiya su huta. Maɗobiya ma ba girki ne ya ƙarar da ita ba, fataucin katako ne zuwa ƙasar Sin, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017. A ƙidayar 2006 jihar Katsina tana da mutum miliyan 5.8, yau kowa ya san an ƙaru ƙwarai, ƙasar kuma ba ta ƙaru da taku ɗaya ba.

Tunda kuma Dakta ta yi mini adalci, bari ni ma in faɗi abin da ke raina. A zamaninmu yawan dashe muke ƙirgawa, ba irin dashe ba. Wanda ya dasa dubu goma na itace iri ɗaya shi ne gwarzo, ba a tambayar tsuntsu nawa ne zai ci a jikinsa, ko zuma za ta samu fure. Na taɓa sa hannu aka dasa turare a bakin wata fadama, itacen Ostireliya mai shan ruwa kamar raƙumi, bayan 'yan shekaru masu lambu suka zo suna kukan rijiyoyinsu sun yi ƙasa. Har yau abin yana damuna.

Malam Isiyaku (Daura):
Allah ya saka da alheri, Alhaji, ba kowa ke iya faɗin irin wannan ba. Ni fataucin busasshen kifi nake yi, shekara da shekaru ina zuwa Nguru da Haɗeja, kuma abin da na gani a can ya fi na tudu ban tsoro. Kacalla, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta rufe ruwa. Wurin da masunta ke cewa a da suna jefa birgi su cika kwalekwale, yanzu ko kwalekwalen ba ya ratsawa. Ta toshe hanyoyin ruwa, sai ruwan ya ƙi zuwa gonakin shinkafar da ke jiransa, ya juya ya malale garuruwan da ba su neme shi ba. Ga tsuntsun jan baki da ya samu maɓoya a cikinta, yana fitowa dubbai ya sauka a kan gero da shinkafa. Dattawan wurin sun ce kacalla tana nan tun fil azal, amma 'yar kaɗan ce a gefe, ba ta taɓa zama haka ba.

Dakta Hadiza (Katsina):
Dattawan sun faɗi daidai, Malam Isiyaku, kuma misalinka ya fi kowanne fito da amsar tambayar Malam Lawal. Kogin Haɗeja a ɗabi'arsa yana cika da damina ya yi ambaliya, da rani kuma ya ƙafe, wannan ƙafewar ita ce ke kashe kacalla kowace shekara. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai ruwa ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, babu babbar ambaliyar da za ta wanke magudanai, babu kuma bushewar da za ta ƙone saiwa. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ne ainihin abin da kacalla ke so. Ba wanda ya shigo da ita daga wata nahiya, mu ne muka sauya wa kogin hali. Ban ce madatsun ba su da amfani ba, Kano na shan ruwansu, noman rani na Kadawa da ta Tiga ya dogara, amma an yi lissafin masu amfana a sama ba a yi na waɗanda ke ƙasa ba. Dausayin nan na Nguru an sa shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya tun 2000, tsuntsaye daga Turai suke zuwa su yi hunturu a cikinsa. Mu ma muna da madatsun Zobe da Jibiya da Ajiwa da Sabke da Daberam, saboda haka duk wanda ya ga kacalla ta fara kafa a magudanar lambu, kada ya jira ta yi yawa.

A ruwa akwai kuma baƙi na gaske. Wata irin kainuwa mai shuɗin fure, 'yar asalin kogin Amazon, ta ɓulla a ruwan Legas a 1984, ta kai har tafkin Kainji, ita ba dashen Allah ba ce a nan, mutane ne suka yaɗa ta a duniya saboda kyan furenta. Giwan ruwa kuma, da muke ci muna yabo, da aka zuba shi a tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka a shekarun 1950, ya cinye ƙananan kifayen da babu irinsu a ko'ina, ana ƙiyasin nau'i kusan 200 sun ɓace.

Nura (Ɗanja):
Dakta, na yarda da batun kacalla, amma ba kowane baƙo ne muka buɗe wa ƙofa ba. Ina noman tumatir, kuma ba zan manta da 2016 ba. Ƙwaron nan da muke kira sharon ya shigo, cikin kwana biyu ko uku gonar da ka kwana kana kallo kore ta koma kamar an babbake ta. Mun yi feshi har mun gaji, yana cikin ganye yana ci, magani ba ya kai gare shi. A shekarar ce gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Kafin mu farfaɗo kuma sai ga tsutsar masara ta sauka a Funtuwa da Bakori da Ƙafur, tana shiga cikin zuciyar kara. Wannan wane bango muka tsaga da ƙadangare ya shiga?

Dakta Hadiza (Katsina):
Kana da gaskiya, Nura, manomin Ɗanja bai gayyato su ba. Sharon, wanda masana ke kira Tuta absoluta, ɗan Kudancin Amurka ne, ya ɓulla a Sifen a 2006, ya bi ta Arewacin Afirka ya gangaro mana. Tsutsar masarar ita ma daga nahiyar Amurka take, kuma a farkon 2016 aka fara tabbatar da ita a Afirka, a kudu maso yammacin Najeriya da wasu maƙwabta, cikin shekara biyu ta game kusan duk ƙasashen kudu da Sahara. Jirage da fataucin kayan gona ne suka ɗauko su. Amma akwai inda namu hannun ya shiga. Ƙwarin da ke cin ƙwari, irin su gizo-gizo da zanzaro da ƙananan rina, da kuma tsuntsaye, su ne dakarun gona. Idan aka yi feshi ba ƙa'ida, ana haɗa magani uku a tanki ɗaya, su ne ke fara mutuwa, shi kuma baƙon da ya saba da magani ya rage shi kaɗai a fili. Gonar da aka share ta ƙal, babu itace babu shinge, ba ta da inda waɗannan dakaru za su fake.

Malam Sabi'u (Katsina):
Ni mahauci ne, ɗan mahauta. Tunda an zo kan tsuntsaye, ina so in tambaya: wa ya ga ungulu a kwata a 'yan shekarun nan? Muna yara sai mun kore su kafin mu yi aiki, yanzu ɗana mai shekara 12 bai taɓa ganin ta ido da ido ba. Sannan kusan kullum sai mun farka tumbin akuya ko na saniya mun ciro dunƙulen leda, wani ya kai girman kan mutum. Dabbar tana ci tana ramewa, mai ita na ta sayen magani, bai san leda ce ta cika mata ciki ba.

Alhaji Mamman (Katsina):
Ungulu mu muka ƙarar da ita, Malam Sabi'u, babu wani baƙo a wannan. Ana kama ta ana sayar da kai da ƙafafu ga masu tsibbu, ana sa guba a mushe, an kuma sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai, alhali ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Tun 2015 aka sa irin tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Indiya ta riga mu ganin sakamakon haka: wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu ya kashe musu fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu kafin a hana shi a 2006, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru.

Malam Yusufu (Maraɗi):
Salamu alaikum, 'yan'uwana na Katsina da Daura. Ni baƙo ne a zauren nan, ko da yake Katsinar Maraɗi da ta Najeriya uwa ɗaya ce. Ina so in gaya wa Malam Lawal cewa gawonsa shida da yake ganin sun tafi, mai yiwuwa wasunsu suna nan a ƙarƙashin ƙasa. Mu ma a farkon shekarun 1980 gonakinmu sun zama fili fetal, an yi ta dashe yana mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Toni Rinaudo, da ke aiki a nan Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da muke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai. Sai aka fara abin da muke kira sassabin zamani: idan ka zo shara, ka zaɓi reshe biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kan kututture ka bar su, ka datse saura, ka riƙa gyara su kowace shekara. Saboda saiwar ta riga ta yi zurfi, girman da yake yi ya fi na dashe nesa ba kusa ba. Da farko ana yi wa masu yi dariya ana cewa ƙazaman manoma ne. Yau ana ƙiyasin hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gawo ne kan gaba, domin shi ne ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya ba dabbobi 'ya'ya. Ga ƙalgo da sabara da magarya da aduwa. Abin da ya sa ya ɗore shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, zai iya saran reshe ya dafa abinci ko ya sayar ba tare da tsoron tara ba.

Gargaɗi ɗaya zan ƙara. Akwai wata ƙaya 'yar'uwar kirya da aka kawo daga nahiyar Amurka domin tsayar da hamada, masana na kiranta Prosopis juliflora. A wajen tafkin Chadi ta zama kurmin da ba ya ratsuwa. A Kenya, mutanen Baringo har kotu suka kai gwamnati a 2006, suka je da akuyar da haƙoranta suka zube saboda cin 'ya'yanta. Idan wani ya kawo muku ita da sunan shinge, ku yi tunani sosai.

Alhaji Mamman (Katsina):
Malam Yusufu, na je na gani da idona a hanyar Maraɗi zuwa Tasawa, kuma na dawo ina jin kunyar shekarun da muka yi muna ɗaukar ruwa a tanka muna bai wa dashe, alhali daji na kwance a ƙarƙashin ƙafarmu. Shirin nan na Babbar Ganuwar Bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Katsina na cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya, shi ma masu tafiyar da shi a ƙasashe da dama sun karkata ga wannan hanya. Amma ina da shakka ɗaya. A wurinmu da an kwashe amfanin gona ake sakin dabbobi, kuma mai gatari ba ya tambayar gonar wa ce. Mutum ɗaya ba zai iya ba, sai mai unguwa da dagaci da arɗo sun zauna sun sa doka, kowa ya san hukuncin wanda ya sare tohon wani.

Malam Lawal (Daura):
Na karanta duka, wasu har sau biyu, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da yamma na koma gonar na hana yaran ci gaba da shara, muka bi kunya-kunya muna dubawa. Malam Yusufu, mun samu toho a wuri tara: huɗu na ƙalgo, uku na sabara, biyu kuma ƙayarsu da ganyensu na gawo ne, ɗaya ma daidai inda nake tuna wani babban gawo yake a gabas da rijiya. Shekara nawa muna sare shi ba mu sani ba, Allah kaɗai ya sani. Na ɗaura musu tsumma ja domin kada a taɓa. Na kuma yi magana da mai unguwarmu, ya ce zai kira arɗon rugar da ke kusa da mu ranar Juma'a bayan an sauko. Saura bedin da ke gindin tsamiya. Alhaji Mamman, in sare su ne duka, ko yaya zan yi? Kuma idan ina so in ƙara gawo a inda babu kututture, ta ina zan fara?

Alhaji Mamman (Katsina):
Kada ka sare su, Malam, in ka sare za su toho da rassa da yawa. Ka jira ruwan farko ya jiƙa ƙasa, ka sa a tuge ƙananan da saiwarsu, musamman na gindin tsamiya. Waɗanda ke bakin shinge ta gabas ka bar biyar ko shida su tare maka iska, ka riƙa sassabe su kana kai wa gida itacen girki. Gawo kuwa, ka tara 'ya'yansa yanzu da suke zuba, ka ɓare ka fitar da ƙwayar. Ɓawonta na da tauri, saboda haka ko dai ka ɗan kankare gefenta da wuƙa, ko ka zuba mata ruwan zafi ka bar ta ta kwana a ciki. Wadda ka tsinta a cikin kashin awaki ma tana tsirowa da kyau. Ka shuka ta kai tsaye a inda kake so ta zauna, domin saiwar gawo ƙasa take nufa tun tana ƙarama, in ta daɗe a leda sai ta nannaɗe. Ka kewaye kowanne da ƙayar magarya, ka kuma sabunta ƙayar duk rani har shekara uku. Ina da ɗaurin aure a Daura ranar Asabar, in Allah ya kai mu zan biyo da almakashin datsa in nuna wa yaranka yadda ake zaɓen reshe. Malam Bello, in kana kusa ka zo mu duba burtalin tare, ka taho da irin kyasuwa in kana da shi.